Jagorar Ƙera Adda da Ƙarfen Taitaniyam ga Maƙeran Jos

Maƙerin da ya saba da sifirin mota zai ga abin mamaki ranar da ya fara ɗora taitaniyam a kan uwar maƙera, domin yawancin ƙa'idojin da hannunsa ya haddace ba sa aiki a kan wannan ƙarfe. Mayen ƙarfe ba ya kama shi, tsoma shi a ruwa ko a mai ba ya ba shi taurin da yake ba sifirin, kuma wutar da maƙeri yake ganin ta yi daidai ga baƙin ƙarfe tana iya lalata shi tun kafin a kai masa bugu na farko. Duk da haka ana iya ƙera adda mai kyau da shi a maƙerar gawayi irin tamu, muddin mutum ya yarda ya rage wuta, ya ƙara haƙuri, ya kuma san abin da zai samu da abin da ba zai samu ba.

Abin da za a samu shi ne rashin nauyi, da rashin tsatsa, da juriya. Sandar taitaniyam mai tsawon santimita 45, faɗin santimita 5, kaurin milimita 6, nauyinta kusan giram 600 ne, alhali irinta ta baƙin ƙarfe ta haura kilo ɗaya. Ana iya barin addar ta kwana a lambu cikin laimar damina, ko a yi ta yankan ciyawa da ita a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da kewaye, ba za ta yi tsatsa ba. Abin da ba za a samu ba kuwa shi ne kaifi mai daɗewa. A ma'aunin tauri na Rokwel, taitaniyam ɗin da ake ƙira da shi yana tsayawa wajen 36, idan an gasa shi da kyau ya kai wajen 40, yayin da sifirin da aka ba wuta yadda ya kamata yake wuce 50 cikin sauƙi. A ganina, manomin da zai sari itace tun safe har yamma gara ya riƙe addarsa ta sifirin. Addar taitaniyam ta fi dacewa da mai lambu, da masunci, da matafiyin daji wanda nauyin kaya ya dame shi, da kuma maƙerin da yake son faɗaɗa iliminsa na ƙira. Ya kamata a gaya wa mai sayen addar wannan magana tun kafin a karɓi kuɗinsa.

Samun ƙarfen da tabbatar da shi

Ƙasar Filato tana da ma'adinin da ake fitar da taitaniyam daga cikinsa, wato ilmanait, baƙin yashin nan mai nauyi da ake samu cikin tarkacen wankin kuza tare da ma'adinan kwalambait da zirkon. A cikin irin wannan yashi ne wani limamin coci ɗan Ingila, William Gregor, ya gano ƙarfen a yankin Kwanwal a shekarar 1791. Sai dai ba a narka shi kamar yadda kakanninmu suke narka tama, saboda idan ya yi zafi sosai yana haɗiyar iskar oksijin da naitirojin ya zama gautsi. Sai a wajen 1940 wani masanin ƙarafa, William Kroll, ya fito da hanyar tace shi da sinadarin kulorin da maganiziyam a cikin rufaffiyar tukunya, kuma har yau wannan hanya mai tsada ake bi a ƙasashe irin su Sin da Japan da Rasha da Kazakistan. Don haka duk sandar da za ta zo hannunka daga waje aka shigo da ita.

Nau'in da za ka nema shi ne wanda ake rubuta wa Ti-6Al-4V, ana kuma kiransa aji na 5. Kashi 6 cikin ɗari nasa alminiyam ne, kashi 4 banadiyam, sauran taitaniyam. Shi ne aka fi amfani da shi a duniya, daga sassan jirgin sama har zuwa ƙarafan da likitoci suke ɗaure ƙashi da su. Ka guji aji na 2, wanda zallan taitaniyam ne, domin laushinsa ya yi yawa, bakin addar zai lanƙwashe a sara na farko.

Idan wani ya kawo maka guntun ƙarfe daga wajen 'yan gwangwan, ko a Dilimi ko a Farin Gada, ya ce taitaniyam ne, kada ka biya sai ka gwada. Ka kanga masa mayen ƙarfe, bai kamata ya kama ba. Ka auna nauyinsa a hannu, ya kamata ya fi alminiyam nauyi sosai amma ya tsaya kaɗan sama da rabin nauyin baƙin ƙarfe. Sannan ka taɓa gefensa da injin gurza, inda za ka ga tartsatsi fari fat mai ɗaukar ido, wanda bai yi kama da jan tartsatsin sifirin ba ko kaɗan. Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna cewa taitaniyam ne, amma ba sa nuna ajinsa. Wannan sai da takardar shaida daga mai sayarwa ko gwajin ɗakin bincike, kuma a nan Jos muna da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, NMDC.

Tsara siffar addar

Kada ka kwaikwayi siririyar addar kasuwa. Taitaniyam ya fi baƙin ƙarfe saurin lanƙwasa kusan ninki biyu idan kaurinsu ɗaya, saboda haka ruwan addar yana bukatar ƙarin kauri na kimanin kashi ɗaya cikin biyar kafin ya tsaya kyam kamar na ƙarfe. Inda za ka bar bayan addar sifirin a milimita 3, bar na wannan a milimita 4, har ma 5 kusa da ƙota. Kuma tun da nauyi ne yake taimakon sara, sai ka mayar da nauyin gaba ta hanyar faɗaɗa ruwan wajen kai, ya kai santimita 6 ko 7, ka siranta shi wajen ƙota. Ruwa mai tsawon santimita 38 zuwa 40 da wutsiya mai santimita 12 ya wadatar. Ka zana siffar a kwali, ka yanke, ka riƙe ta a hannu ka gwada lilo da ita, sannan ka kwafe ta a kan falange domin ka riƙa ɗora aikin a kai yana da zafi. Duk abin da za ka iya yankewa tun ƙarfen yana sanyi, kamar kusurwar kai da kafaɗar wutsiya, ka yanke shi da zarto ko fayafayan yanka, domin duk shigar da ƙarfen zai yi wuta tana da farashi.

Shirya maƙera

Share murhu tas, ka kwashe tokar jiya da ɓawon baƙin ƙarfen da ya taru a ciki, ka kuma goge fuskar uwar maƙera da masaba da bakin awartaki da burushin waya. Ɓawon baƙin ƙarfe yana mannewa a jikin taitaniyam mai zafi ya ɓata fatarsa. Gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yana yi, amma a farfasa shi ƙanana daidai wa daida domin wutar ta bazu a tsawon ruwan ba tare da wani wuri ya fi wani zafi ba. Mai murhun gas ya fi samun sauƙin riƙe zafi a mataki ɗaya, sai dai ya daidaita harshen wutar yadda iska za ta ɗan fi gas yawa, domin wuta mai yawan gas tana cusa haidirojin cikin ƙarfen, kuma illar haidirojin ta fi ta oksijin muni tun da tana shiga har ciki, ba a fata kawai take tsayawa ba.

Akwai abin da ya shafi Jos musamman. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da safiyar hunturu uwar maƙera takan yi sanyi ƙarara. Taitaniyam ba ya gudanar da zafi a jikinsa da sauri, don haka fuskar da ta taɓa uwar maƙera mai sanyi takan daskare nan take alhali cikin yana da zafi, kuma a nan ne tsaga take farawa. Kafin ka fara, ka gasa wani katon guntun ƙarfe ka ɗora a kan uwar maƙera har ta yi ɗumin da hannu ba zai daɗe a kai ba. Ka kuma matso da ita kusa da murhu yadda juyi ɗaya zai kai ka. A ajiye bokitin busasshen yashi a gefe tun yanzu, domin kashe wuta idan garin taitaniyam ya kama.

Wuta da bugu

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ana ƙera aji na 5 tsakanin digiri 900 zuwa 950 a ma'aunin Salshiyos, wato lokacin da ƙarfen ya yi launin ruwan lemo a cikin inuwa. A wajen digiri 995 tsarin ƙwayoyin cikinsa yana sauyawa, kuma idan aka daɗe sama da nan ƙwayoyin sukan yi girma, addar ta rasa juriyarta, ba kuma za a iya gyara wannan da tsomawa ko sake gasawa ba. Saboda haka da zarar ka ga launin ya doshi rawaya, wuta ta yi yawa. Ka gaya wa yaron da yake kan zugazugi tun farko cewa yau ba ranar zuga da ƙarfi ba ce, a hankali zai riƙa yi, kuma idan ka ce ya tsaya ya tsaya. Ka rufe hasken rana daga maƙerar da tabarma ko buhu, domin a cikin hasken rana ido yana raina zafin ƙarfe, mutum ya ga ja alhali ya riga ya wuce lemo.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe, kuma ban san ƙarfen da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan ba. Yana fitowa daga wuta yana tafiya ƙarƙashin masaba da sauƙin da zai ba ka mamaki, amma bayan 'yan daƙiƙu, da launin ya sauko zuwa ja, sai ka ji masabar tana dawowa hannunka, sautin bugun ma ya sauya ya yi tsini. Wannan ita ce alamar tsayawa. Duk bugun da aka ƙara bayan nan yana buɗe ƙananan tsagu a gefe, waɗanda ba a ganinsu sai an zo gurza. Ka mayar da shi wuta, ka jira launin lemo ya dawo, ka fitar. Kada kuma ka bar shi yana jiƙa a cikin wuta kana hira ko kana neman kayan aiki, domin kowane minti a wannan zafi yana ƙara kaurin gautsin fatar da za ka zo kana cirewa daga baya.

Ka fara da wutsiya, domin ka sami wurin riƙo. Ka saukar da kafaɗa a gefen uwar maƙera mai zagayayyen baki, kada kusurwar ta yi kaifi, saboda a kusurwa mai kaifi adda take karyewa. Daga nan ka juya ka fitar da kai, sannan ka faɗaɗa gaban ruwan da siririn gefen masaba, kana bugu daga tsakiya zuwa baki. Ka riƙa gasa tsawon taƙi ɗaya kana gamawa da shi kafin ka matsa gaba. Masaba mai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ta fi ƙarama amfani, domin bugu kaɗan masu nauyi suna ratsa ƙarfen har tsakiya, yayin da ƙananan bugu masu yawa fata kawai suke miƙarwa. Idan kana da mai taya ka bugu, to ku daidaita hannu tun kafin a fitar da aikin.

Za ka lura da wani gari mai launin rawaya-rawaya ko fari yana fitowa a jikin ƙarfen maimakon baƙin ɓawon da ka saba gani. Wannan gari yana da santsi, yana sa aikin ya zame daga awartaki ya yi tsalle daga kan uwar maƙera. Ka gyara bakin awartakinka ya kama kaurin sandar daidai, ka kuma riƙa share garin da burushi bayan kowace fitarwa. Lokacin da kake sirantar da bakin addar, ruwan zai riƙa lanƙwasa baya kamar lauje, sai ka riƙa miƙar da shi yana da zafi ta hanyar buga bayansa a kan kututturen itace. Kada ka sirantar da bakin ƙasa da milimita 2 a maƙera. Kuma kada ka yi tunanin haɗa guda biyu a wuta kamar yadda ake haɗa baƙin ƙarfe, domin ba ya haɗuwa ta haka, waldarsa ma sai da iskar argon.

Idan siffa ta fito, ka miƙar da addar sarai, sannan ka gasa dukkan tsawonta zuwa ja mai duhu, wajen digiri 700 zuwa 750, ka ajiye ta a kan bulo ta huce da kanta a iska. Wannan yana sauke gajiyar da bugu ya tara a cikinta.

Gurza, da haɗarin da yake tare da ita

Ƙarfen da ya sha wuta a buɗaɗɗiyar iska yana fitowa da fata mai tauri da gautsi, wadda oksijin ya ratsa. Idan aka bar ta, a nan tsaga za ta fara ta bi ta cikin ruwan. Dole ne a cire ta gaba ɗaya daga kowace fuska, har da baya da wutsiya, kuma ni ina ba da shawarar a gurje aƙalla rabin milimita a kowane gefe. Za ka gane ka wuce ta idan magagari ya daina zamewa ya fara cin ƙarfen. A yi gurzar da injin da yake juyawa a hankali, da sabon dutse ko sabon bel, ana tsoma aikin a ruwa a kai a kai, domin zafin gurza yana taruwa a wuri ɗaya ya ƙona bakin. Idan ka ga shuɗi ya fito a inda kake gurza, ka matsa da yawa.

Ina roƙon kowane maƙeri ya ɗauki maganar ƙurar taitaniyam da muhimmanci. Sandar kanta ba ta kamawa da wuta a maƙera, amma garinta da ɓarɓashinta suna kamawa, suna ci da farin haske mai tsananin zafi, kuma zuba musu ruwa yana ƙara haɗarin domin ruwan yana fashewa ya saki haidirojin. Busasshen yashi ko busasshen gishiri ake rufe irin wannan wuta da shi. Kada a bar garin ya gauraya da garin baƙin ƙarfe mai tsatsa a ƙarƙashin inji, saboda haɗuwarsu tana iya tayar da wuta mai wuyar kashewa. A share wurin kafin a fara da kuma bayan an gama, a nisantar da fetur da tsummokaran mai, a sa tabarau da takunkumi, a sa rigar auduga, kada a sa ta leda. Jiƙaƙƙen garin da ya taru a bokitin tsomawa kuma kada a toshe shi a cikin gwangwani.

Ƙara tauri

Wanda yake da damar amfani da tanderun lantarki mai ma'aunin zafi zai iya ƙara wa addar ɗan tauri. Ana riƙe ta a wajen digiri 955, a ciro ta a tsoma a ruwa cikin 'yan daƙiƙu ba tare da jinkiri ba, sannan a mayar da ita tanderu tsakanin digiri 480 zuwa 595 na tsawon awa 4 zuwa 8, a bar ta ta huce a iska. A gashin nan na biyu ne taurin yake zuwa. Tun da wannan aiki yana sake haifar da gautsin fata, a yi shi kafin gurza ta ƙarshe. A murhun gawayi ba za a iya riƙe zafi ɗaya na tsawon awanni ba, don haka wanda ba shi da tanderu ya tsallake wannan mataki, addarsa za ta yi aiki a haka.

Kaifi, ƙota da kube

Bakin addar taitaniyam yana son kauri a bayansa. Ka wasa shi ya fito a kumbure kamar bakin gatari, kusurwar kowane gefe wajen digiri 25 zuwa 30, kada ka kwarfe shi kamar aska. Dutsen wasa mai ƙurar daimon ko dutsen kabaranda ya fi cin sa. Yana barin wani siririn leɓe a baki wanda yake juyawa dama da hagu ya ƙi faɗuwa, sai ka rage nauyin hannu a shafa ta ƙarshe, ka gama da jan bakin a kan fata. Wasu maƙeran wuƙa a ƙasashen waje suna ɗora ƙurar tangistan kabayid, wani sinadari mai tsananin tauri, a gefe ɗaya na bakin da na'urar tartsatsin lantarki domin kaifin ya daɗe, kuma dabara ce mai amfani ga wanda ya sami na'urar.

Huda wutsiya yana bukatar sabon bakin huda mai haɗin ƙarfen kwabal, juyi a hankali, danni mai ƙarfi, da mai ko ruwan sanyaya. Idan ka bar bakin yana shafa ba ya ci, wurin zai taurare ya kashe maka shi. Huda uku masu faɗin milimita 5 sun isa. Don ƙota, marke da ƙirya da maɗaci duk suna yi, ana kuma samun busasshen katako a kasuwar Katako. Ka tsaga itacen gida biyu, ka rungume wutsiyar da su, ka shafa gam mai ƙarfi, ka ɗaure da ƙusoshin tagulla, domin ba shi da ma'ana a yi addar da ba ta tsatsa sannan a ɗaure ta da ƙusar da za ta ci tsatsa a damina ɗaya. Ka sassaƙa ƙarshen ƙotar ya ɗan yi ƙugiya yadda ba za ta kuɓuce daga hannu mai gumi ba, ka goge da samfefa, ka shafa man kaɗanya.

Kafin ka miƙa ta ga mai ita, ka gwada ta. Ka matse kan a bais, wato matsin ƙarfe na tebur, ka ɗan lanƙwasa ruwan, ya kamata ya dawo daidai. Ka sari ɗanyen reshe, sannan busasshe, ka duba bakin a hasken rana. Idan ya lanƙwashe, ya yi siriri, sai ka ƙara masa kauri a wasa. Idan ya ɓantare, akwai sauran gautsin fata, sai ka koma gurza har ka wuce ta. Daga nan ka kai wa baduku ya ɗinka mata kube na fata mai kauri da ɗamara a bakin ƙota, ka kuma haɗa wa mai ita ƙaramin dutsen wasa, ka gaya masa zai riƙa bukatarsa fiye da yadda ya saba da addar sifirin.